Idanun Alhaji Zailani

In dangi suka tambayi Khalida aikin da take yi, murmushi kawai take yi ta ce, "Aikin kwamfuta ne." Ta gaji da bayani. A wani ɗan ofis da ke Kpébié, cikin Parakou, take wuni tare da abokiyar aikinta Mariatou, wadda ta daɗe tana aikin jinya a ƙauyuka kafin ta dawo birni. Burinsu shi ne ma'aikacin jinya na ƙauye ya iya ɗaukar bidiyon gyambo, ko ƙuraje, ko bakin yaro mara lafiya, ya turo wa likita a birni, likitan ya ga abin da ainihin launinsa.

Matsalar ita ce duk bidiyon da za a tura ta waya sai an matse shi, in ba haka ba rezo, wato sabis ɗin waya, ba zai ɗauka ba. Wajen matsewar nan na'ura takan riƙe haske da duhun kowane ɗigo na hoton, amma launi sai ta yi masa rowa, ta sa ɗigo huɗu su raba launi ɗaya. Mai kallon biki ba zai lura ba. Likitan da ke son ya bambanta ja da ruwan hoda a bakin ciwo kuwa an cuce shi. In kuma aka ce a bar launin gaba ɗaya, sai bidiyon ya yi nauyin da zai wuni a hanya tsakanin ƙauyen Bariénou da Parakou bai iso ba.

Dabarar Khalida ita ce ta koya wa manhajar da ke warware bidiyon a wayar likita ta riƙa hasashen launi daga haske, ta kuma hasaso wani launi daga ɗan'uwansa, yadda ba sai an turo komai ba sai ɗan abin da hasashen ya kuskure. Ta sha wahala a kai. Wani lokaci fuskar mutum ta fito kore, wani lokaci wayar ta yi zafi ta mutu. Amma a daminar nan abin ya fara kama hanya, sai ya rage a gwada shi da bidiyo mai launi da yawa, wanda ba a taɓa matse shi ba.

Nan ta tuna da yayanta Saifullahi, wanda sana'arsa ɗaukar bidiyon bukukuwa ce a Djougou, kuma yana da kyamara mai kyau. Kwanan baya aka yi sunan 'yarsa Kausar. Khalida ba ta samu zuwa ba, don tana da ƙaramin ciki kuma ungozoma ta hana ta doguwar tafiya. Ta dai kalli bidiyon bikin a waya, wanda aka turo wa dangi. Sai ta roƙe shi ya aiko mata da ɗanyen bidiyon kamar yadda ya fito daga kyamara. Ya yi ta ja mata rai, yau ya ce ya manta, gobe ya ce yana aiki, daga ƙarshe dai ya ba wani direba katin kyamarar ya kawo mata.

Ranar da katin ya iso, da hantsi, ta matse bidiyon, ta warware shi da manhajarta, ta kunna.

Sai ga tsakar gidansu fes, kamar ta miƙa hannu ta taɓa. Atamfofin mata kowace da zanenta, jan goro da farin goro cikin faranti, har zaren aikin da ke wuyan rigar liman ana iya bin sa da ido. Ta duba nauyin bidiyon, ta ga ya ragu fiye da yadda ta yi fata. Ta daki tebur.

"Mariatou! Viens voir! Zo ki ga ikon Allah!"

Mariatou ta taso da kofin shayinta a hannu. Daidai lokacin kyamara ta juya kan mahaifin Khalida, Alhaji Zailani, yana zaune kan darduma, an miƙa masa jaririya. Ya cire tabarau don ya yi mata addu'a, ya ɗaga kai ya dubi mai ɗauka.

Khalida ta tsayar da hoton. Farin idonsa ba fari ba ne. Rawaya ne sosai, kamar an ɗiga masa ruwan kurkum.

"Kash," ta ce, "ga kuskure nan. Launin rawanin liman ne ya zubo masa a ido. Na san wurin da zan gyara."

Ta fara duba lissafinta. Ba ta ga komai ba. Ta ja hoton baya, ta dubi idon liman: fari. Ta dubi idon wanzami, da na maƙwabcinsu da ke zaune kusa da Baba, kafaɗa da kafaɗa, haske ɗaya ke dukansu: fari. Ta rufe manhajarta gaba ɗaya, ta buɗe ɗanyen bidiyon da ya fito daga kyamara, wanda ba abin da ya taɓa shi.

Rawayan yana nan.

Ta ɗauko wayarta ta nemo wanda aka turo wa dangi, ta kai daidai wurin. A can idon ɗan tabo ne mai duhu-duhu, launinsa ya narke cikin na fatar fuska. Sau nawa ta kalli wurin nan tana dariyar yadda Baba ke riƙe jaririya kamar ƙwai.

Mariatou ta ajiye kofi a hankali. "Matsar da shi gaba kaɗan. Inda zai miƙe."

Khalida ta matsar. Alhaji ya dafa bango ya tashi, babbar rigarsa ta manne a jikinsa na ɗan lokaci. Wuyansa ya zama siriri, kafaɗunsa sun zube, amma cikinsa ya turo gaba kamar tulu.

"Yaushe rabonki da ganinsa ido da ido?" in ji Mariatou.

"Tun babbar salla. Amma muna waya kullum. Ina ganinsa a..." Sai yanzu ta lura cewa ya daɗe bai kira ta da bidiyo ba sai yana zaune cikin inuwar zaure, da tabarau. Kwanan nan ma murya kawai yake kira, wai rezo ba kyau.

"Khalida, ni ba likita ba ce. Amma wannan hanta ce. Kuma ba jiya ta fara ba."

Ta kira Saifullahi nan take.

"Yaya, me ke damun Baba?"

"Baba? Lafiyarsa lau. Yanzu ma na baro shi."

"Ba ni shi."

"Yana barci."

"Da hantsi? Baban da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi fita kasuwa ba? Yaya, na ga idonsa. A bidiyon da ka ɗauka da hannunka na gani."

Can ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Na so in yanke wurin kafin in aiko miki. Sai na ce ai injinki ne zai kalla, ba ke ba."

Mijinta Muhammad Nur bai yi gardama ba da ya ga fuskarta. Ya rufe shagonsa, ya ari motar wani abokinsa, suka kama hanyar Djougou. Yana kauce wa ramuka yana cewa ta jingina da kyau. Ita kuwa ba ta ga gonakin doya ba, ba ta ga manyan motocin da ke wuce su ba. Hoton nan ne kawai a gabanta, kuma tana ta gaya wa kanta cewa ciwon shawara ne kawai, mutane da yawa suna yi su warke.

Gidansu na cikin tsohon gari, bayan kasuwa, gidan da kakanninsu fataken goro suka gina. Tun daga zaure ta ji warin tafasasshen saiwa. Mahaifiyarta Salamatu na tsugune gaban murhu. Da ta ɗago ta ga Khalida, ludayin ya suɓuce mata cikin tukunya.

"Innalillahi. Wa ya ce ki zo? Da cikin nan?"

"Inna, ina Baba?"

Ba ta jira amsa ba, ta ɗaga labulen turakarsa.

Da ba a ɗakinsa ta same shi ba, da ta ce wani baƙo ne. Mutumin da ta gani a bidiyo ma ya fi wannan jiki nesa ba kusa ba. Kumatunsa sun shige, hannuwansa sun zama kamar kara, ƙafafunsa sun kumbura har suna sheƙi. Cikin kuwa ya ɗaga mayafin da aka rufa masa. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

Ya juyo da kai a hankali. Ya miƙa hannu yana laluben tabarau a gefen katifa, sai kuma ya fasa.

"Uwata," ya ce. Haka yake kiran ta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "Wa ya tona mini asiri?"

"Ba kowa, Baba. Da idona na gani."

"A ina?"

"A cikin aikina."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ashe aikin nan naki yana ganin mutane. Na ɗauka lissafi ne kawai."

Ta rarrafa ta kama hannunsa. Sai a lokacin kuka ya zo mata.

A tsakar gida Inna ta gaya mata komai, tana magana tana duban ƙasa. Tun bayan salla abin ya fara, da kasala da ƙin abinci. Da idon ya juya, shi da kansa ya tara su, ya ce duk wanda ya gaya wa Khalida bai yafe ba, don an sha wahala kafin a samu cikin nan, ba zai zama sanadin zubewarsa ba. Asibiti kuwa ya ce ba za shi ba. Wani mai magani daga Bariénou ke kawo saiwoyi a kan babur.

"Don me ba za shi asibiti ba?"

Goggo Lami, ƙanwar Alhaji, wadda ke zaune kan turmi tun ɗazu, ita ta amsa. "Don ba ciwon asibiti ba ne. Abin gidanmu ne. Haka ya ɗauki uwarmu, wadda kika ci sunanta. Haka ya ɗauki yayanmu Awalu, da ƙaninmu da ya rasu a Kumasi. Ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, shi ke nan. Tun zamanin fatauci aka yi wa gidan nan baki."

Khalida ta dube ta, ta dubi Inna. An gaya mata kakarta ta rasu wajen haihuwa. Baffa Awalu kuma an ce hawan jini ne.

"Mutum uku? Ciwo iri ɗaya? Kuma ba wanda ya taɓa gaya mana?"

"Ana faɗar irin wannan ne?" in ji Goggo. "Wa zai auri 'ya'yan gidan?"

Ba da faɗa ta ciyo kan mahaifinta ba. Ta koma ɗakin ta zauna, ta ce masa ba za ta koma Parakou ba sai da shi, in ya ƙi kuwa a nan za ta zauna kan tabarmar nan har ta haihu. Ya san halinta, don nasa ne. Washegari da safe Saifullahi da Muhammad Nur suka ɗauko shi kamar yaro suka kwantar a bayan mota.

A Parakou aka ɗebi jininsa, aka yi masa hoton ciki. Likitar, wata mace mai furfura a goshi, ta kira Khalida da yayanta ofis, ta rufe ƙofa. Ta ce ƙwayar cutar hanta ce, irin wadda ake kira hepatit B. Ta daɗe a jikinsa, wataƙila tun yana jariri, tana cin hantar a ɓoye, yanzu har ta zama ciwon daji, kuma ya bazu. Za a iya zuƙe ruwan cikin, a rage masa zafi. Fiye da haka ba ta yi musu alkawari ba.

Saifullahi ya dafe kai. Khalida ta gaya mata zancen kakarsu da baffanninsu.

Likitar ta ajiye alƙalami. "Ba baki ba ne, madame. Uwa kan ba ɗanta wajen haihuwa. Yara kan ɗauka a gida ɗaya, ta aska, ta ƙaramin rauni, ba wanda ya sani. Mutum sai ya kai shekara arba'in da ita yana jin kansa garau." Ta dubi cikin Khalida. "An taɓa auna ki?"

"Ni? Ni lafiyata ƙalau."

"Shi ma haka ya ce, har bana."

Aka auna su duka, har Inna da Muhammad Nur. Khalida ta tafi karɓar sakamakon ne kamar mai cika umarni, hankalinta na kan ko Baba ya sha kunun da ta dama masa. Likitar ta ce Inna ba ta da ita, Muhammad Nur ma haka, za a yi masa rigakafi. Sannan ta ce, "Ke da yayanki kuna ɗauke da ita."

Khalida ta ji maganar kamar daga wani ɗaki ake yin ta. Ta dubi tafin hannunta, ta juya bayansa. Hannu ne lafiyayye, da lallen da ta sa ranar Juma'a. A bangon ofishin akwai ɗan madubi, ta tashi ta je ta ja fatar idonta ƙasa. Fari tas.

"Ba za ki gani a nan ba," in ji likitar. "Zauna, ki saurare ni da kyau. Hantarki lafiya take yanzu. Akwai magani da ke danne ƙwayar, za mu duba ko kina buƙatarsa kafin haihuwa. Abin da ke cikinki kuma, in aka yi masa allura ranar da ya faɗo, a ranar, ba washegari ba, da izinin Allah zai tsira. Jaririyar yayanki ma a kawo ta. Kin zo da wuri. Mahaifinki ne bai zo da wuri ba."

Saifullahi yana jingine da bango a waje, ya riga ya ji nasa. Suka dubi juna. Can ya ce, "Kada mu gaya wa Baba."

"A'a, Yaya. Ɓoye-ɓoyen ya isa haka."

Suka shiga tare. An zuƙe masa ruwan, ya ɗan samu sauƙin numfashi, har yana zaune an jingina shi da matashi. Khalida ta zauna a bakin gadon ta gaya masa, ba ta rage komai ba.

Alhaji Zailani ya daɗe yana kallon ta. Ya dubi Saifullahi, ya sake dubanta, ya dubi cikinta.

"Ku biyu? Duka?"

"Duka, Baba."

"Daga gare ni?"

"Ba wanda ya san ta inda ta bi. Likita ta ce kai ma ba ka san lokacin da ka ɗauka ba."

"Ni da na ce a ɓoye miki don kada wani abu ya taɓa ki." Ya rufe fuska da tafukansa. Khalida ba ta taɓa ganin mahaifinta yana kuka ba, ko ranar da aka binne Baffa Awalu. Kafaɗun nan da suka zube suka yi ta girgiza. Inna ta juya ta fuskanci bango.

Da ya natsu ya share fuska da gefen mayafi, ya ce, "Abin cikin fa?"

Ta gaya masa zancen allurar. Ya sa ta maimaita. Sannan ya ce wa Saifullahi, "Kira mini Lami. Sa yadda kowa zai ji."

Da Goggo ta ɗauka, muryarsa ta dawo irin ta da, wadda yake tsawata wa masu sauke kaya da ita a kasuwa. Ya ce ta tara 'ya'yanta da na Awalu, da jikoki, kowa ya je a auna jininsa. Goggo ta fara cewa abin da mutane za su faɗa, ya katse ta.

"Su faɗa. Uwarmu ta tafi ba ta sani ba, Awalu ya tafi bai sani ba. Ni na sani. In kin ƙi, Lami, ke da Allah."

Ba duka suka je ba. 'Ya'yan Baffa Awalu sun je, aka samu biyu a cikinsu da ita. Goggo ta tura nata amma ita ta ƙi, ta ce ta tsufa da a huda mata hannu. Wani surukinsu ya daina gaisawa da Saifullahi, wai ya ɓata sunan gida.

Alhaji ya nemi a mai da shi Djougou, ya ce yana son ya riƙa jin kiran sallar masallacin unguwarsu. A can ya cika, ana gab da fara girbin dawa, da rana tsaka, Inna na riƙe da kansa. Khalida ba ta samu zuwa jana'iza ba, cikin ya tsufa. Ta zauna a ɗakinta a Kpébié mata suna shigowa gaisuwa, Mariatou na zuba musu ruwa.

Naƙuda ta zo mata wata safiya tana shirin fita ofis. Namiji ta haifa. Tun kafin a gama goge shi take tambayar allura, ungozoma ta ce ta kwantar da hankalinta, wadda ke firjinsu ta ƙare, gobe za a kawo.

"Ba gobe ba," in ji Khalida, tana ƙoƙarin tashi zaune. "Yau. Ku kira mini mijina."

Muhammad Nur ya hau zem, ɗan acaɓan garin, ya zaga kantunan magani har ya samo, ya dawo da ita cikin kwanon ƙanƙara, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ungozoma ta buɗe cinyar yaron ta soka. Ya tsandara ihu har na ɗakin gaba suka leƙo.

Khalida ta miƙa hannu aka ba ta shi. Ta sa shi a ƙirji, tana jijjiga shi tana cewa ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, an gama. Inna, wadda ta zo daga Djougou cikin kayan takaba, ta matso ta gyara masa zani, ta ce a ba shi nono ya yi shiru.